Tambaya da Amsa: Famfon Cikin Ruwa na Kududdufin Lambu da Magangara

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Tunda muka taɓo zancen kududdufin ado da ake ginawa a cikin lambu saƙonni suke ta shigowa, kuma kusan duk akan abu ɗaya ne, famfon nan da ake nutsawa cikin ruwa ya tura shi sama ya gangaro ta kan duwatsu. Na tsinto waɗanda suka fi maimaituwa, wanda bai ga tasa ba yayi haƙuri ya duba, ƙila amsarsa tana cikin ta wani.

Tambaya: Malam dan Allah a taimaka min. Na gina kududdufi tsawon mita 3 faɗin mita 2, zurfinsa kamar santimita 60, na jera duwatsu nayi magangara tsayinta mita 1, bakinta inda ruwan ke zubowa faɗin santimita 30. Na siyo famfo an rubuta lita 3000 a awa a jikin kwalin, na haɗa da tiyon da nake ban ruwan fulawa dashi kamar mita 5, amma wallahi ruwan ɗis ɗis yake zuwa kamar buta ta huje. Ha'intata akayi ko me? Daga wani mai karatu

Amsa: Ɗan'uwa ba lallai an ha'ince ka ba, karatun kwalin ne bakayi har ƙarshe ba, kuma kusan kowa haka yake farawa har ni mai wannan surutun. Wannan 3000 da suka rubuta da manyan baƙaƙe shine abinda famfon zai tura in babu tudu ko kaɗan, wato ruwa ya shiga ya fito a nan daidai inda yake, ba tiyo ba hawa. Da zarar kace ya ɗaga ruwa sama ƙarfinsa ya fara raguwa, yana raguwa yana raguwa har a kai wani tsayi da ko ɗigo bazai fito ba. Koma ka juya kwalin zakaga wata ƙaramar lamba ta iyakar tsayin da yake iya kaiwa, masu irin girman naka da yawa iyakarsu mita 2 ce ko sama kaɗan. Wasu kuma har da zanen layi mai gangarowa da yake nuna lita nawa zai bayar a kowane tsayi, to wannan zanen ya fi duk wani ado da ke jikin kwalin amfani. Ba girin-girin ba dai ta yi mai.

Bari muyi lissafin naka. Tsayin ana auna shi ne daga fuskar ruwa zuwa inda tiyon ya ƙare a sama, ba daga ƙasan kududdufi inda famfon yake zaune ba, mutane da yawa anan suke ruɗewa. Naka mita 1. Sai kuma tiyo, shima yana cin ƙarfi saboda gogar ruwa da jikinsa, ƙiyasin da masu wannan aiki suke yi shine kowace mita 1 ta tiyo a ƙara kamar santimita 10, kenan mita 5 ɗinka ta zama rabin mita. Famfonka ji yake kamar yana hawa mita 1 da rabi, banda lanƙwasa da gwiwoyi, kowace gwiwa ma tana ɗaukar nata kason. Famfon da iyakarsa mita 2 in ka sashi hawa mita 1 da rabi, in ya baka kwata ko sulusin abinda aka rubuta ka gode Allah.

To nawa magangarar take buƙata? In kana so ruwa ya rufe bakin dutsen ya zubo shimfiɗe kamar labule, ana ƙiyasta lita 150 a awa ga kowane santimita 1 na faɗin bakin. Santimita 30 sau 150, lita 4500 a awa kenan, kuma a can sama ake son wannan 4500 ɗin, ba a jikin kwali ba. In ɗan kwararowa kake so mai sanyin sauti rabin haka ya isa. Kaga tun farko ko babu tudu famfonka bai kai ba. Nemi wanda aka rubuta wajen lita 8000 mai iyakar tsayi mita 4 ko fiye, sannan ka duba zanen ka tabbatar a mita 1 da rabi yana bada abinda ya kai 4500.

Amma kafin ka fita siyan sabo, wannan tiyon ban ruwan shine babban mai laifi. Raminsa bai wuce milimita 13 ba, kana so ka cusa ruwan babbar kwata ta cikin tsinken shan lemo. In ka ninka faɗin bututu sau 2 hanyar ruwa sau 4 take ƙaruwa. Ga ruwa irin wanda kake so sa tiyo mai milimita 32 ko 40, wato inci 1 da kwata ko inci 1 da rabi, irin mai zobe-zobe a jiki da baya tokarewa in an lanƙwasa. Sannan bakin robar da ke zuwa da famfo zakaga hawa-hawa ne, siriri a gaba yana kauri zuwa gindi, ana so ka yanke sirarun da zarto ka bar daidai girman tiyonka. Sau nawa naga mutum ya sayi tiyo mai kauri ya ɗaura akan bakin da bai yanke ba, ruwan yana bi ta ɗan ƙaramin rami dai kamar da, sai yace tiyon ma ba amfani.

In kana so ka san gaskiyar abinda famfonka ke bayarwa ɗauki bokiti mai lita 10 ka tara a bakin tiyon can sama ka duba agogo. In ya cika a sakan 40 lita 900 kake samu a awa. Wanda zai baka 4500 a sakan 8 zai cika shi. Wani abu kuma, in kwalin galan aka rubuta ka lura, galan na Amurka lita 3.8 ne na Ingila kuma lita 4.5, kar ka haɗa su.

Tambaya: Ina da tsohon sumo da kuma injin nan na kwashe ruwa in ya taru a rami, duka suna aiki a cikin ruwa. Ba sai kawai in jefa ɗaya a kududdufin kifina ba maimakon sake kashe kuɗi? Daga wani dattijo da ya ajiye aiki

Amsa: Baba Allah ya ƙara lafiya, gaskiya bazan baka wannan shawarar ba. Duka dai cikin ruwa suke aiki amma kowanne da aikin da aka ƙera shi dominsa. Sumo na rijiyar burtsatse aikinsa ya ɗaga ruwa daga zurfin mita da yawa da matsi mai ƙarfi, kuma ruwa mai tsabta yake so, ganye da kashin kifi ba abincinsa bane. Injin kwashe ruwa kuwa yawanci an yi shi ne ya tashi yayi ɗan lokaci ya huta, in aka barshi dare da rana baya daɗewa, ga cin wuta, ƙananan ma wat ɗari-ɗari suke ja. Wasu kuma akwai mai a cikinsu da yake sanyaya injin, ranar da robar da ta toshe shi ta ci, man zai malale a saman ruwa kuma kifi basa jure wannan. Famfon kududdufi an ƙera shi ya yi ta juyawa awa 24 da 'yar wuta kaɗan, da yawansu ma maganaɗisu ne ke juya farfelar, kwayil ɗin a daskare yake cikin roba babu mai babu ta inda ruwa zai shiga. Ka adana injin kwashe ruwan Baba, ranar da zaka zubar da ruwan kududdufin gaba ɗaya don wanki shine gwani.

Su ma famfunan kududdufin iri biyu ne. Akwai na feshin ruwa mai tashi sama, yana da ƙananan ramuka ko soso a gabansa don kar datti ya toshe kan feshin, shi kullum cikin toshewa yake. Akwai kuma mai keji mai manyan ramuka da ke wucewa da datti har kamar milimita 6 zuwa 8 ya kai shi matata, wato abin tace ruwa, wannan shi ya dace da magangara da kuma mai kifi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigida yace a dinga kashe famfon da daddare tunda ba mai kallon ruwan kuma wuta yake ci, ni kuma naga kamar kifayen da asuba suna tasowa sama suna buɗe baki. Akwai matsala ne? Daga wata uwargida

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, idonki ya gane miki daidai, kifin da ya taso yana haki a saman ruwa iska yake nema. Da rana tsirran cikin ruwa da gansakuka suna sakin iskar oksijin, da dare ya yi sai su juya suma su koma shaƙarta tare da kifin, shiyasa gab da asuba ne iskar ruwa ta fi ƙaranci. Magangarar nan da ake gani kamar ado ce kawai ita ke dama ruwa da iska, kenan lokacin da aka fi buƙatarta ne ake kashe ta. Ga zafi kuma, ruwan ɗumi baya riƙe iska kamar mai sanyi, a digiri 20 lita ɗaya tana riƙe kamar miligiram 9, a digiri 30 ya sauko wajen 7 da rabi, alhali a zafin ne kifi ya fi buƙata.

Sannan in kuna da matata, akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a jikin soso da tsakuwar cikinta, su ke karɓar sinadarin amoniya da kifi ke fitarwa su mayar da shi naitirait sannan naitiret wanda bai cika cutarwa ba. Su ma da iskar da ruwa mai gudu ke kawo musu suke rayuwa. In aka tsayar da ruwa awanni da yawa kullum basa samun kafuwa, kuma da safe in aka kunna ruwan da ya kwana a matatar ya ɗan yi tsami shi zai fara zubowa kan kifin.

Maganar wuta kuma kiyi wa maigida lissafi a takarda, magana ta fi shiga da lamba. Famfo mai wat 60 sau awa 24 sau kwana 30, a raba da 1000, yunit 43 kenan a wata. Mai wat 200 kuwa yunit 144. Kinga tun wajen saye ake rage cin wuta, famfo biyu zasu iya bada ruwa iri ɗaya ɗaya ya ninka ɗaya ci, don haka a dinga duba wat ɗin tare da litar. In magangarar babba ce a raba aikin, ƙaramin famfo na matata da baya mutuwa, babba na ado a kashe shi in an shiga barci. Abinda ake so dai duk ruwan kududdufin ya zagaya ta matata sau ɗaya a awa 1 zuwa 2, in kifin koi ne masu ci da yawan kashi to sau ɗaya duk awa. Wanda bashi da kifi sam, ya kashe abinsa duk sanda yaga dama.

Tambaya: In na sa hannu a ruwan ina jin ɗan tsikari kamar allura musamman inda na yanke, amma ba sosai ba. Abokina yace haka suke duk. Daga wani matashi

Amsa: Ƙanena ajiye mujallar nan kaje ka zare filogin yanzu, sannan ka dawo mu ci gaba. Ba haka suke ba. Famfo mai lafiya baya sakin wuta a ruwa, tsikarin da kake ji alama ce wayar ta ɓare a wani wuri ko jikin injin ya tsage, kuma abinda yau yake tsikari ranar da ka shiga ba takalmi ƙafarka a jiƙe wani labarin ne daban, balle yaro ƙarami. Kada ka naɗe da salatif ka mayar, wayar famfon cikin ruwa ba'a yi mata faci, in ta lalace famfon ya gama aiki. Abinda yake kashe wayar kuwa yawanci mu ne, mutum zai kama waya ya jawo famfo daga ƙasan ruwa kamar yana jan guga. Ɗaura masa igiya a hannunsa ka dinga ɗagowa da ita.

Sabon da zaka sa, a haɗa shi ta na'urar nan mai yanke wuta da kanta in ta ji yoyo, wadda ake kira RCD, mai miliamfiya 30, a Amurka GFCI suke ce mata. Fis da bireka na gama-gari ba aikinsu bane wannan, su waya suke karewa daga ɗaukar zafi, kafin su yanke mutum ya riga ya sha wuya. Tana da maɓallin gwaji a jiki, ka dinga dannawa lokaci lokaci kaga ta yanke. Soket ya zama irin na waje mai murfi, a sama nesa da feshin ruwa, da wayar at ɗinsa, wato wayar kariya mai kai wuta ƙasa, a haɗe, kuma mai aikin wuta da ya san aikinsa ya haɗa, ba jone-jonen waya a cikin ciyawa an rufe da leda ba. Duba jikin famfon kaga IP68, alamar an yi shi don zama cikin ruwa. In akwai yara masu wasa da ruwan akwai famfo mai bolt 12 ko 24 da taransifomarsa ke zama can a busasshen wuri, hankali ya fi kwanciya dashi. Kuma ko da duk wannan, in zaka sa hannu a ruwa zare filogi tukunna.

Tambaya: Nawa yayi wata shida yana aiki lafiya, yanzu sai gurnani yake ruwa kuma ya ragu, wani lokacin ya mutu ya tashi da kansa. Ya ƙone ne? Daga wata mai karatu

Amsa: 'Yar'uwa da ya ƙone da bazai tashi ba. Mutuwa da tashin nan na'urar kariya ce a cikinsa, in yayi zafi ta yanke in ya huce ta mayar, kuma ruwa baya tsami banza, wani abu ne ya riƙe farfelar. Zare filogi ki ɗago shi, buɗe kejin, ki murɗe murfin da ke gaban farfela ki zaro ta, zakiji maganaɗisu yana ɗan riƙe ta wannan ba komai. Abinda zaki tarar ba zai wuce zaren gansakuka da ya naɗe ba, ko tsakuwa, ko ɗan dodon koɗi. In kinga farin datti ya kama kamar na gindin butar dafa ruwa ki jiƙa a ruwan kal na 'yan awanni ki goge da tsohon buroshin haƙori ki ɗauraye sosai. Ki bi a hankali da sandar da farfelar ke juyawa a kai, wasu na tangaran ne, faɗuwa ɗaya ta karye. Farfela ana siyar da ita daban, in ta cinye ba sai an sayi sabon famfo ba.

Ni famfona na farko ba datti ne ya kashe shi ba, ƙishirwa ce. Nayi tafiyar kwana uku ruwa ya ja baya, ya yi ta juyawa a bushe, na dawo na tarar robar cikinsa ta narke. Ruwan da yake ciki shine ke sanyaya shi shine kuma man shafawarsa, don haka ko gwaji kar ki kunna shi a waje. In zaki mayar ki ɗora shi akan bulo kamar santimita 15 zuwa 20 daga ƙasa don kar ya dinga shan laka, kuma ki kai shi can ɗaya ƙarshen nesa da magangara yadda ruwan duka zai zagaya, in yana gindinta ruwa ɗaya zai yi ta ɗauka yana mayarwa sauran na kwance. Soson matata kuma da ruwan kududdufin ake wanke shi a bokiti, ruwan famfo mai kulorin yana kashe bakteriyar nan da na faɗa a sama. In ruwa yayi miki ƙarfi da yawa ki rage ta bawul a wajen fita, kada ki toshe ta mashiga.

Tambaya: Kullum sai na ƙara ruwa, yana raguwa kamar yatsa uku a rana. Famfon ne ke shanyewa? Daga mai kiwon kifin ado

Amsa: Famfo baya shan ruwa malam, kai shi dai yake inda zai ɓace. Rana da iska suna ɗaukar nasu amma yatsa uku kullum ya yi yawa. Yi wannan gwajin, cika kududdufin ka sa alama a jikin bango, kashe famfon kwana ɗaya, in da kifi ka sa musu injin iska ko ƙaramin famfo da ke motsa ruwan a ciki kawai. In ruwan bai sauka ba to kududdufin lafiya lau, ɓarnar tana hanyar magangara, ko mahaɗar tiyo ta saki, ko dutse ya danne gefen robar da aka shimfiɗa a ƙarƙashi don tare ruwa, ruwan na bi ta baya yana shiga ƙasa, ko ganye sun tare hanya ya tumbatsa, ko kuma fallatsi ne kawai yake faɗawa waje. Bi gefen magangarar da hannu ka nemi inda ƙasa ke da danshi. In kuwa ya sauka duk da famfo a kashe, barshi ya ci gaba har ya tsaya da kansa, hujin yana daidai wannan layin. Anan ma bulon nan yana da rana, in tiyo ya fice cikin dare famfon da ke ƙasa ƙurmus zai kwashe ruwan tas, wanda ke kan bulo kuwa dole ya bar wa kifi abinda zasu kwana a ciki.

Tambaya: Ruwana ya zama kore shar, in na sayi famfo mafi girma zai washe? Kuma ya batun na sola? Daga wata ɗaliba

Amsa: A'a ƙanwata, babban famfo koren ruwan zai dinga juyawa da sauri kawai. Ƙananan gansakuka ne masu yawo a ruwa, sun fi ƙarfin soso don ƙanƙantarsu, rana da ragowar abincin kifi ke ciyar dasu. Ki rage abinci, ki samar da inuwa da tsirrai masu rufe saman ruwa, sannan a sa fitilar UV, wata fitila mai haske na musamman da ruwa ke bi ta cikinta, a hanyar tiyo kafin matata, ita ke sa su dunƙule matata ta kama. Ita ma tana da iyakar ruwan da zai bi ta cikinta a awa, in ya wuce da gudu hasken baya samun yin aikinsa, kuma ƙwan ana canja shi kamar duk shekara ko da yana ci.

Na sola kuwa, ƙananan da ake haɗawa kai tsaye da faranti suna da kyau ga ɗan feshin ado a kwano ko ƙaramin tafki marar kifi, gajimare ya gifta su tsaya rana ta faɗi su kwanta. In da kifi sai mai batir, kuma ki lissafa batirin da kyau, famfo mai wat 30 a dare mai awa 12 yana buƙatar wat-awa 360, kusan amfiya-awa 30 kenan a bolt 12, kuma tunda batirin dalma irin na mota ba'a so a zuƙe fiye da rabinsa sai ki nemi mai 60 zuwa sama, da farantin da zai iya cika shi da rana yana kuma tafiyar da famfon a lokaci guda.